Kitsen da ke kan zuciya da rikicewar bugunta

A nan Maradi, in mutum ya yi teɓa sai a ce arziki ya zauna. Amma kitsen da ya taru a ciki yakan zo tare da wani wanda ido ba ya gani, mai kwanciya a kan naman zuciya, ƙarƙashin jakar da ta lulluɓe ta. Kowa yana da kaɗan, kuma yana da amfani. Matsalar ita ce babu wata fata tsakaninsa da naman zuciya. In ya yi kauri sai ya riƙa zuba sinadaran kumburi kai tsaye cikin ɗakunan zuciya na sama, naman ya yi tabo. Saƙon lantarkin da ke tsara bugu ba ya wuce tabo daidai, sai ɗakunan su kama karkarwa maimakon matsawa. Jini ya tsaya, ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai wannan ciwo yake da haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki 5 na wanda ba shi da ciwon.

Wasu suna jin faɗuwar gaba, haki ko jiri. Da yawa ba sa jin komai. Don haka ku gwada da kanku. A zauna a huta minti 5, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ƙarƙashin babban yatsa, a ƙirga bugun jijiyar har minti guda cif. Daga 60 zuwa 100, a jere, shi ne daidai. In yana tsalle babu tsari, a je likita a nemi awon zuciya na ECG, shi ke tabbatarwa.

A auna ƙugu da igiyar awon tela, wajen cibiya, bayan an saki numfashi. Namiji ya wuce santimita 94, mace 80, a fara kula.

Wannan kitsen yana raguwa in jiki ya ragu. Rage kashi 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 9 ga mai kilo 90, yana rage yawan rikicewar. Shayi mai sukari da lemun kwalba su ne na farkon ragewa, sai suya da man gyada. Tafiyar ƙafa da sauri minti 30, kwana 5 a mako, ko da an bar kabu-kabu a wasu zirga-zirgar. Mai hawan jini, ciwon suga ko minshari mai yanke numfashi ya faɗa wa likita.

In an rubuta maganin hana jini daskarewa, don Allah kada a daina don an ji sauƙi, kada kuma a musanya shi da asfirin na masu talla.