Waiwaye: Idan kamfani ya sayi kamfani, ina za a kai tsohuwar manhaja?

Ranar da ake sa hannu a cinikin kamfani, hankalin kowa yana kan kuɗi da hannun jari. Sai gari ya waye a tarar da manhajar lissafi biyu, rumbun bayanan kwastomomi biyu, kowanne da nasa tsarin. A nan gardama ke tashi: a rufe ɗaya a kwashe kowa zuwa ɗayar, ko a bar su duka a gina gada a tsakaninsu?

Gardamar ta girmi intanet. Tun shekarun 1960, da bankuna da kamfanonin inshora suka fara ɗora harkokinsu a kan manyan kwamfutocin IBM, kusan kowane kamfani shi ke rubuta manhajarsa, galibi da yaren COBOL da aka ƙirƙiro a 1959. A cikinta ake cusa duk wata ƙa'idar gidan: yadda ake lissafin kuɗin ruwa, wa za a yi wa rangwame, me za a yi idan biya ya makara. Da yawa daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba a rubuta su a takarda ba, waɗanda suka tsara su kuma sun daɗe da yin ritaya. Shi ya sa tsohuwar manhaja ke da wuyar taɓawa.

A shekarun 1990 iska ta kaɗa wajen masu cewa a sauya. Kamfanin SAP na Jamus ya fito da R/3 a 1992, manhaja guda mai riƙe lissafi da albashi da kayan sito, sannan fargabar rikicewar kwamfutoci a shiga shekara ta 2000 ta ƙara ingiza mutane. Mai saye yakan ce da wanda ya saya: ku dawo kan tamu. Da aka ga irin kuɗi da shekarun da aikin ke lashewa, sai kasuwar masu gina gada ta buɗe, har ta kai kamfanin manhaja na Salesforce ya sayi MuleSoft, mai irin wannan sana'a, a kan dala biliyan 6.5 a 2018.

A shekarar 2018 ɗin ce kuma kowane ɓangare ya ji a jikinsa. Bankin Sabadell na Sifaniya ya sayi TSB na Birtaniya a 2015, lokacin TSB na biyan haya a kan manhajar bankin Lloyds da ya ɓalle daga cikinsa. A Afrilun 2018 aka kwashe asusun mutum fiye da miliyan 5 zuwa sabuwar manhaja a ƙarshen mako guda. Kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin bayanan asusun da ba nasu ba. Shugaban TSB, Paul Pester, ya sauka a Satumba, ɓarnar ta ci kimanin fam miliyan 330, a Disamban 2022 kuma hukumomi suka ci tarar bankin fam miliyan 48.65.

Kafin masu cewa a bar tsohuwa su gama dariya, sai ga kamfanin otal-otal na Marriott. Ya sayi otal-otal na Starwood a 2016, ya ci gaba da aiki da manhajarsu ta kama ɗaki, bai san masu kutse sun tare a ciki tun 2014 ba. Sai a Nuwamban 2018 aka sanar, kuma bayanan baƙi ɗaruruwan miliyoyi abin ya shafa. An sayi gida har da ɓarawon da ke kwance a ƙarƙashin gado.

A ganina, labarin kamfanonin jiragen sama na Amurka ya fi nuna inda gizo ke saƙa. United da Continental sun haɗe a 2010, suka koma manhajar tikiti guda a dare ɗaya cikin Maris na 2012, fasinjoji suka sha layi da jinkiri. American Airlines da US Airways, da suka haɗe a 2013, su ma sauyawar suka yi, amma da dabara: wata uku kafin ranar sauyawar, duk sabon tikitin tafiyar da za ta zo bayan ranar a manhajar American ake yanka shi, tsohuwar ta yi ta tsiyayewa har ta kusa zama fanko. Da aka rufe ta a Oktoban 2015, fasinjoji kaɗan ne suka lura. Hanya ɗaya suka zaɓa da United, bambancin gaggawa ce da kuma sanin abin da ke cikin tukunya kafin a juye ta.

Yanzu yawancin masu saye tsakiya suke bi. Su haɗa imel da rahoton kuɗi tun da wuri, su gina gada ta wucin gadi, sannan su riƙa rufe tsohuwar sashe-sashe. Matsalar dai ita ce gadar wucin gadi takan shekara goma tana nan, ana biyan lasisi biyu da ma'aikata biyu. Wani lokaci kuma mai manhajar ne ke yanke hukunci: SAP ya ce a ƙarshen 2027 zai daina kulawar yau da kullum da tsohuwar manhajarsa ta ECC, saboda haka duk wanda ya sayi kamfanin da ke kanta yau, har da wa'adin ya saya.