Amsoshi Ga Masu Koya wa Sababbin Nas Aiki a Kano

Shekara nawa zan yi ina aiki kafin in isa koya wa wata?

Idan kina iya bayyana dalilin abin da hannunki yake yi, kin isa. Daɗewa kaɗai ba ta mayar da kowa malama.

Idan ta tambaye ni abin da ban sani ba fa?

Ki ce ba ki sani ba, ku je ku tambayi likita ko mai haɗa magani tare. Darajarki ba za ta ragu ba, Sista.

Ta yi kuskure wajen ba da magani. In kai rahoto ko in rufa mata asiri?

Majinyaci ne farko: a duba shi, a sanar da likita nan take, a rubuta abin da aka ba shi da lokacin da aka ba shi. Wannan babu sassauci a cikinsa. Abin da ke bayansa ne yake buƙatar nazari, domin ya danganta da irin maganin, da ko ita ce ta zo ta faɗa da kanta ko kuwa ganowa aka yi, da kuma ko ke kin bar ta ita kaɗai a aikin dare da gadaje fiye da ƙarfinta. Wadda ta faɗa da bakinta, a ganina, ta cancanci ki raka ta gaban metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ki tsaya mata, ko da yake kowane asibiti da ƙa'idarsa, kuma tsarin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba lallai ya zo daidai da na asibitin Murtala ko na asibitin Nassarawa ba. Abin da ba na lamunta shi ne tsawa a gaban masu jinya, domin yarinyar da aka tozarta yau, gobe ɓoye kuskurenta za ta yi.

Babu mai bibiyata, me zai sa in matsa wa kaina?

Haba, Sista! Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ba ta sabunta lasisi sai da shaidar ƙarin horo, kuma sabuwar nas ɗin tana kallon lokacin da kike isowa karɓar aiki.

Idan na gama wahala ta tafi Ingila ko Saudiyya fa?

Tana iya tafiya. Kafin nan dai da ita za ki raba aikin dare, saboda haka ki koya mata da kyau.