Waiwaye: Susan Strange, 'yar jaridar da ta hau kujerar farfesa ba ta da digirin dakta

Duk wanda ya bi siyasar 2023 ya san Chatham House, gidan nan na Landan da 'yan takararmu suka dinga jerin gwano suna zuwa gabatar da manufofinsu, Tinubu ya je, Obi ya je, Kwankwaso ma ya je, kafin su Buhari ya riga ya je tun 2015. Amma galibinmu iya abin da muka sani game da wurin kenan, alhali cibiyar bincike ce tun 1920, kuma a cikinta ne wata mata ta zauna ta ƙulla rigimar da ta haifar da fanni guda sukutum a jami'o'in Birtaniya, wanda yanzu ake kira siyasar tattalin arzikin duniya. Sunanta Susan Strange, kuma in ka ɗauko jerin wuraren da ta yi aiki ka karanta kamar takardar neman aiki ba za ka ga komai ba sai sunaye, LSE (makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan), UCL (wata jami'a a Landan), Chatham House, Florence, Warwick, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya sannan za ka gane kowane tashi da ta yi akwai dalili.

Bari mu ɗan koma baya tukuna. Shi kansa ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa yaro ne a jami'a, bayan yaƙin duniya na ɗaya aka haife shi. Kujerar farfesa ta farko a 1919 aka kafa ta a Aberystwyth da ke yankin Wales, da kuɗin wani attajiri David Davies, aka sa mata sunan Woodrow Wilson, manufar kuwa a gano me ke kawo yaƙi don kar a sake. Daga baya wani tela, eh tela mai ɗinkin kwat, Montague Burton, da ya zo Ingila yana ɗan ci-rani daga Lithuania ya yi kuɗi da shagunan tufafi, ya ba da kuɗi aka kafa wasu kujerun a Oxford da LSE. To tunda asalin abin daga tsoron yaƙi ya fito, malaman fannin sai suka tare a kan sojoji da jakadu da yarjejeniya, maganar kuɗi da banki da bashi aka bar wa masana tattalin arziki, su kuma can suna ta lissafinsu kamar babu wani abu wai shi iko a duniya. Kowa na harkar gabansa, shekara da shekaru.

Ita Susan a 1923 aka haife ta a Dorset. Babanta Louis Strange matuƙin jirgin yaƙi ne da ya yi suna, shi ne wanda a 1915 jirginsa ya kife a sama yana ƙoƙarin ciro kwanson harsashin bindiga da ya maƙale, ya faɗo daga kujera ya yi ta reto da hannu riƙe da kwanson har ya samu ya koma ciki ya daidaita jirgin. Ni dai in na tuna wannan labarin ba na mamakin halin 'yar, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta gama digirin farko a fannin tattalin arziki a LSE a 1943, lokacin ma makarantar ta yi ƙaura zuwa Cambridge saboda ruwan bama-bamai a Landan, kuma daga wannan digirin ba ta ƙara wani ba, babu dakta, shi kenan. Aikin jarida ta kama, farko a mujallar Economist, sai jaridar Observer wadda ta tura ta Washington ta kuma yi mata rahoto daga Majalisar Ɗinkin Duniya a New York.

A 1949 ta fara koyarwa a UCL, tana lakcara tana kuma rubuta wa jarida, ga renon yara, don 'ya'ya shida ta haifa, ta yi shekara 15 tana koyarwa a can har 1964. Wannan zangon ba a cika maganarsa ba don ba a nan ta yi suna ba, amma a ganina jaridar ce ta gina ta, don ɗan jarida ya saba da tambayar nan ta wa ya ci riba wa ya kwana ciki, kuma wannan tambayar ce ta riƙe har ƙarshen ranta, duk tsarin da aka kawo mata komai kyansa a takarda sai ta ce to wa yake amfana.

Komawarta Chatham House ta zo daidai lokacin da fam ɗin Ingila ke tangal-tangal. A watan Nuwamba 1967 gwamnatin Harold Wilson ta karya darajar fam daga dala 2.80 zuwa 2.40, kuma wannan ba matsalar Ingila kaɗai ba ce, don ƙasashe da yawa da ta yi wa mulkin mallaka, har da Najeriya, a fam suke ajiye tanadinsu a Landan, ka kwanta da fam ɗari ka tashi takardar tana nan yadda take amma abin da za ta sayo a dala ya ragu da kusan kashi 14 cikin ɗari, ba wanda ya shawarce ka. Wannan shi ne abin da ta zauna ta bincika har ya zama littafinta na 1971 a kan fam da siyasar Birtaniya, inda ta rarrabe kuɗaɗen duniya gida-gida, akwai wanda kowa ke so don ƙarfin tattalin arzikin mai shi, akwai wanda uban gida ya ɗora wa na ƙasa da shi dole, akwai kuma wanda sai an lallaɓa mutane an ba su wani abu kafin su ci gaba da riƙewa. Fam ya tashi daga na farko ya gangaro na ƙarshe. Wanda ya san tarihin sefa a Nijar da Chadi ba sai an yi masa dogon bayani a kan na tsakiyar ba.

Amma abin da ya fi tayar da ƙura wata maƙala ce da ta buga a 1970 a mujallar gidan, International Affairs, inda ta ce masana tattalin arziki da masana hulɗar ƙasashe sun yi watsi da juna alhali duniyar tana canzawa a gabansu, kasuwanni na haɗewa suna tsere wa gwamnatoci. Shekara ɗaya kacal bayan nan, 15 ga Agusta 1971, Nixon ya sanar cewa Amurka ta daina canza dala da zinare, sai ga tashin farashin mai na 1973 ya biyo baya, kowa ya ga ashe matar nan gaskiya ta faɗa. Ta tara malamai da 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati ta kafa wani zaure na masu wannan nazarin a 1971, sannan tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana hulɗar ƙasa da ƙasa ta Birtaniya, BISA, a tsakiyar shekarun 1970.

Sai 1978, LSE ta ba ta kujerar Montague Burton, kujerar telan nan, mace ta farko da ta hau. Ku duba fa, shekararta 55, ba dakta, ta yi shekaru da dama a ɗakin labarai. Yau a yawancin jami'o'i ko matakin tantancewa takardarta ba za ta wuce ba, ita da kanta ma ta taɓa rubuta cewa ba ta taɓa niyyar zama malamar jami'a ba. Shekara goma ta yi a kujerar, ta kafa kwas ɗin mastas a kan siyasar tattalin arzikin duniya, kuma a nan ta shiga sa-in-sa da manyan masanan Amurka irin su Stephen Krasner da Robert Keohane. Su a lokacin yayin da ake yi shi ne ƙarfin Amurka na raguwa, ita kuma ta ce tatsuniya ce, kuna ƙirga masana'antun da ke cikin iyakar Amurka kun manta waye ke rubuta dokar wasan. A nan ta kawo bayaninta da aka fi saninta da shi, cewa iko iri biyu ne, akwai na in sa ka yi abin da ba ka so, akwai kuma wanda ya fi shi, na in tsara filin da dole a cikinsa za ka yi zaɓinka, kuma ginshiƙansa huɗu ne, tsaro, samar da kaya, bashi da kuɗi, sai ilimi. Wanda ke riƙe da waɗannan ba ya buƙatar ɗaga murya. Ba ta iya ɓoye-ɓoye ba kuma, akwai maƙalarta ta 1994 da kanun kawai cewa yake Krasner ka farka duniya ta canza, da sunansa ƙarara.

Littafinta Casino Capitalism a 1986 ya fito, inda ta kwatanta kasuwar kuɗi ta duniya da gidan caca, bambancin kawai shi ne gidan caca kai kake kai kanka, wannan kuwa ko kana so ko ba ka so an sa da kai, manomi da ma'aikaci da mai shago duk ana buga ƙwallon da rayuwarsu daga wasu dogayen benaye da ba su taɓa gani ba. Shekarar nan dai ita ce Babangida ya kawo SAP aka fara gwanjon dala a watan Satumba, iyayenmu da suka ga yadda albashi ya narke a hannunsu sun san abin a jikinsu ko da ba su taɓa jin sunan matar ba.

Da ta cika 65 a 1988 ta yi ritaya daga LSE, amma zama bai kama ta ba. Ta tafi Italiya, cibiyar jami'a ta Turai da ke Florence, daga 1989 zuwa 1993, a tsakanin nan ne ita da John Stopford na makarantar kasuwanci ta Landan suka fitar da bincike a kan yadda gwamnatocin Kenya da Brazil da Malesiya ke cinikayya da manyan kamfanoni, wato jakadanci ya tashi daga ƙasa da ƙasa kaɗai ya koma har da ƙasa da kamfani. Tana da shekara 70 jami'ar Warwick ta ɗauke ta, sannan a 1995 ƙungiyar masana hulɗar ƙasa da ƙasa ta duniya, ISA, wadda Amurkawan da ta yi ta caccaka suka fi yawa a ciki, ta ba ta shugabanci, ita ce 'yar Birtaniya ta farko da ta riƙe muƙamin.

Littafinta na ƙarshe Mad Money ya fito a 1998 ana tsakiyar rikicin kuɗi na Asiya da na Rasha, ita kuma ta rasu ranar 25 ga Oktoba na shekarar, don haka ba ta ga rushewar 2008 ba, lokacin da mutane suka koma suna kakkaɓe ƙurar littattafanta. BISA na ba da kyautar littafi duk shekara da sunanta. Maƙalarta ta ƙarshe kuma a mujallar ƙungiyar ta fito a 1999 bayan rasuwarta, a ciki ta ce tsarin ƙasashe masu cin gashin kansu ya gaza a wuri uku, ya kasa riƙe kasuwar kuɗi, ya kasa kare muhalli, ya kuma kasa rage ratar da ke tsakanin masu shi da marasa shi.