Idan hannu da ƙafa suka yi sanyi, a nemi mota

Iyayena mata da magidanta, akwai abin da nake yawan gani a ɗakin shan maganin ƙauyenmu, musamman da damina in amai da gudawa sun shigo gari. Sai a kawo yaro jiki sharaf, a ce ai da sauƙi, zazzaɓin ya sauka tunda jikin ya yi sanyi. Wannan sanyin ba sauƙi ba ne. Jini ne ya gaza zagaya jiki, abin da muke kira shok a asibiti.

Jinin babban mutum kusan lita 5 ne. In ya zuba wajen haihuwa ko hatsarin babur, ko gudawa ta tsiyaye ruwan jiki, sai jikin ya janye ɗan abin da ya rage daga hannu da ƙafa, ya kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa tafin hannu kan yi sanyi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri ba ƙarfi, fitsari ya ɗauke, mutum ya fara sambatu. A danna farcensa har ya yi fari, a saki. In ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ja ba, lamari ya ɓaci. In da lalle a farcen, a danna dasashi. Ni ma ba na jiran awo ya nuna jini ya sauka, don a jikin yara sai can ƙarshe yake sauka.

Kafin mota ta iso, a kwantar da shi, a ɗora ƙafafunsa kan matashi, a lulluɓe shi. In rauni ne, a danne da tsumma mai tsabta. In mai jego ce, a murza ƙasan cibiyarta har mahaifa ta yi tauri. Mai gudawar da ke cikin hayyacinsa a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya suma kuwa, don Allah ban da ɗura, ban da sheƙa masa ruwa, ban da hayaƙi.

Mu namu ƙarin ruwa ne ta jijiya. In jini ake buƙata, sai mu tura asibitin Jahun ko na Dutse. Maigida, ka bar izinin fita tun kafin ka tafi gona ko kasuwa, kuma a tafi da 'yan'uwa biyu masu lafiya da za su iya ba da jini.