Yadda ɓarauniya Sonka ta cika gidajen silima a Rasha tun fim bai iya magana ba

In ana maganar tsofaffin finafinan Rasha mutane sai su tuna na juyin juya hali kawai, alhali tun zamanin sarki Nikolas na biyu ƴan kallo a Mosko da Fitasbag sun riga sun mutu a kan fim ɗin ɓarayi da ƴan fashi. Fim mai labari na farko da aka yi a ƙasar ma, Stenka Razin na 1908, ai labarin shugaban ƴan tawaye ne kuma ɗan fashi a kogin Bolga, kuma Aleksandr Drankov ne ya zuba kuɗinsa, mutumin da ya san abin da talaka ke son gani.

Da farko dai kayan Faransa ne ke cin kasuwa, irin su Fantomas na 1913, fim ɗin wani gawurtaccen ɓarawo, sai yaƙin duniya ya ɓarke a 1914 finafinan waje suka yi wuyar shigowa, to nan fa kasuwar ƴan gida ta buɗe. Drankov bai tsaya wata-wata ba, ya ɗauko labarin Sofiya Blubshtain wadda ake wa laƙabi da Sonka mai hannun zinare, ɓarauniya ce ta gaske wallahi, tana shiga otal da jirgin ƙasa cikin shigar matar manya ta yashe attajirai, har aka kai ta kurkukun tsibirin Sakalin inda marubuci Cekob ya gan ta a 1890 da mari a hannu. Sai Drankov ya yanka labarin kashi-kashi daga 1914, Nina Gofman ta fito a Sonka, kowane kashi ya ƙare mutane na ƙaguwa su ga na gaba. Babu murya ko ɗaya fa, sai rubutu da ke faɗowa a allo da mai kaɗa fiyano a gefe yana bin abin da ke faruwa.

Masu ji da kansu sun raina irin wannan fim, wai na ƴan tasha ne, ni kuwa ina ganin haushin cikar silima ne kawai.

Bayan juyin 1917 komai ya canza, Lenin, shugaban sabuwar gwamnati, ya sa hannu a watan Agustan 1919 harkar fim ta koma hannun gwamnati, Drankov ya gudu ya ƙare a San Faransisko inda ya rasu a 1949. Yawancin finafinan wancan lokaci sun salwanta, ragowar na ajiye a Gosfilmofond, ma'ajiyar finafinai ta gwamnatin Rasha, sai a 1989 aka haska da dama a bikin finafinai marasa murya na garin Pordenone a Italiya.