"An tantance mu": wa ya tantance, kuma me ya duba?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a Kano ba ka ji mai tallar asibiti yana cewa "an tantance mu" ba, musamman masu iƙirarin kula da ciwon daji. 'Yan siyasa ma sun ara, da an yanke ƙyallen buɗe gini sai ka ji wai cibiya ce tantantacciya. Ni dai zaɓen 2023 nake zargi. Mun saba da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ka ɗora yatsa, na'ura ta ce kai ne, ka wuce. Sai muka ɗauka akreditashan, wato tantance asibiti, ma haka yake, sau ɗaya an gama.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cakuɗa takardu. Rajistar da PHIMA, hukumar kula da asibitocin kuɗi ta jihar Kano, ke yi wa asibiti mai zaman kansa izinin buɗe ƙofa ce. Lasisin NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasa, a kan na'urar gashi (mai ƙona ciwon daji da haske) magana ce ta kare mutane daga illar haskenta. Idan kuma kwalejin ƙwararrun likitoci ta amince da wani sashe, cewa ta yi ya isa ya horar da likitoci. Kowacce da amfaninta, amma ba su ne shaidar ingancin kulawa ba.

Waccan shaidar, baƙi ne da ba sa cin albashin asibitin suke zuwa su buɗe fayil. A Amurka akwai hukumar ciwon daji (kansa) ta ƙungiyar likitocin tiyata, wadda ta samo asali tun 1922, kuma duk bayan shekara 3 take komawa ta sake dubawa. A ce fayil ɗin wata baiwar Allah ce daga Kurna da ta zo da kullutu a mama. Kwana nawa aka yi tsakanin ɗibar tsoka da fitowar sakamako? An gwada wane irin kansa ne kafin a rubuta magani, ko dai ganin ido aka yi? Likitan tiyata da na kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) da na gashi da mai duba tsoka sun zauna tebur ɗaya a kanta, ko kowa ya rubuta nasa ta yi ta yawo da kati daga ɗaki zuwa ɗaki? Da ta sha kemo zagaye biyu kuɗi ya ƙare, ta daina zuwa, akwai wanda ya ɗaga waya ya neme ta? In ba a rubuta ba, a wurin baƙin nan ba a yi ba.

Ba wai na sallama wa tsarin gaba ɗaya ba ne. Yana cin kuɗi, kuma mu nan mun iya shafa fenti da cike takardu ana gobe baƙi za su zo. Amma ko ba komai yana da suna da shekara da ranar ƙarewa, abubuwa uku da mai tallar rediyo ba ya faɗa.