Kuɗin bincike na TETFund: abin da doka ta tanada, da hanyar da malami zai bi ya samu

Duk wanda ya taɓa shiga harabar jami'ar gwamnati a Najeriya ya ga sunan TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ko a goshin sabon ɗakin lacca, ko a jikin motar bas, ko a bayan kujera. Wannan ya sa mutane da yawa, har da malaman jami'ar kansu, suka ɗauka aikin asusun gini ne kawai. Amma dokar da ta kafa shi ta ambaci bincike da wallafa da sunansu, a jeri ɗaya da gine-ginen, kuma malami yana da haƙƙin neman kuɗin.

Asusun ya samo asali ne daga yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi a 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta. Gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta ce babu kuɗi, malamai kuma suka nuna mata inda za a samo: a ɗora wa kamfanoni ɗan haraji a kan ribarsu, a ware shi domin ilimi. Daga nan aka yi dokar soja mai lamba 7 ta 1993, wadda ta sa harajin kashi 2 cikin 100. A wancan lokaci har firamare da sakandare suna da rabo, sai kuɗin ya zama kamar gishiri a kogi. A 2011, zamanin Goodluck Jonathan, aka soke tsohuwar dokar, aka kafa TETFund domin manyan makarantu zalla.

Harajin bai tsaya a inda ya fara ba. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗaga shi zuwa kashi 2.5, ta 2023 ta kai shi kashi 3. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 kuwa ta haɗe shi da wasu ƙananan haraji, ya zama harajin raya ƙasa guda ɗaya na kashi 4, rabinsa na TETFund, sauran a raba wa wasu hukumomi, ciki har da asusun ba ɗalibai rance. Wanda ya buga lissafi zai ga rabin huɗu biyu ne, wato an koma inda aka faro a 1993. Daftarin farko na dokar ma so ya yi kason TETFund ya ƙare baki ɗaya a 2030, sai da ASUU da wasu suka tayar da jijiyar wuya kafin a janye. Na kawo wannan ne don a gane cewa rijiyar tana da zurfi amma tana iya janyewa.

Sashe na 7 na dokar 2011 shi ne zuciyarta. Ya ce a kashe kuɗin a kan gine-ginen da koyo da koyarwa ba sa yiwuwa sai da su, da kayan koyarwa, da bincike da wallafa, da horar da malamai, sai kuma duk wata buƙata da kwamitin amintattu na asusun ya ga ta zama dole domin inganta ilimi. Ya kuma faɗi yadda za a raba: kaso biyu na jami'o'i, kaso ɗaya na kwalejojin kimiyya da fasaha da muke kira poli, kaso ɗaya na kwalejojin ilimi. A rabon 2024 kowace jami'a ta samu kusan naira biliyan 1.9, kowace kwalejin ilimi kusan biliyan 1.4, kowace poli kuma biliyan 1.1 da ɗoriya. Abin da ya sa kwalejin ilimi ta ɗara poli alhali kasonsu ɗaya shi ne yawan bakin da ke cin kason: poli sun fi yawa. Dokar ta kuma ce a yi daidaito tsakanin shiyyoyin ƙasar nan shida a tallafi na musamman, saboda haka babu shiyyar da za ta ce an rufe mata ƙofa a rubuce.

Akwai waɗanda dokar ta bari a waje. Makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi kaɗai ta sani. Malamin jami'a mai zaman kanta ba zai nema ta makarantarsa ba, kuma masu waɗannan jami'o'i sun daɗe suna ƙorafin cewa harajin na kowa ne. Ɗalibi ma ba ya nema da kansa, sai dai malaminsa ya sa shi cikin tawagar bincike.

Ƙofar da ta fi kusa da ƙaramin malami ita ce tallafin binciken cikin gida, wanda malamai ke kira IBR. A cikin rabon shekara na kowace makaranta ake ware shi. Shekara da shekaru iyakarsa ta kasance naira miliyan 2 ga kowane bincike, kuma ana so a kammala cikin shekara guda. Ba Abuja mutum zai aika takardarsa kai tsaye ba. Zai rubuta tsarin binciken, ya bi ta sashensa zuwa kwamitin bincike na makarantar, a tace, sannan shugaban makaranta ya tura waɗanda suka tsallake. A kowace makaranta akwai jami'in da ke kula da harkar TETFund, kuma sanin ofishinsa rabin aiki ne. Idan an amince, ba a sakin kuɗin a dunƙule. Za a ba da kaso na farko, ka kawo rahoton inda ka kai da rasitan abin da ka kashe, sannan a saki ragowar.

Wannan sharaɗi na rahoto shi ne inda ake yawan tuntuɓe, kuma na gani da idona. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, mun zauna a kwamiti muka tace takardun malamai matasa, muka zaɓi masu kyau, muka tura. Wata ya bi wata shiru. Da na je bin sawu, jami'in ya jawo wani fayil mai ƙura daga ƙasan kabad ya ajiye a gabana.

“Malam, duba nan,” in ji shi. “Waɗannan sun karɓi kason farko tun tuni. Babu rahoto, babu rasit ko ɗaya. Da wane baki zan je in nemo na sababbi?”

Na buɗe fayil ɗin, na ga sunayen mutanen da nake gaisawa da su kullum a masallaci. Ba na jin sun yi niyyar cin amana. Wani rashin lafiya ta same shi, wani farashi ya tsere wa kasafinsa ya rasa yadda zai yi bayani, wani kuma ya ɗauki kuɗin tamkar alawus. Amma matasan da ba su ji ba ba su gani ba su suka kwana a ciki. Kuɗin jama'a ne, mai binciken kuɗi na gwamnati yana bin sawunsa, kuma makarantar da ba ta yi bayanin na jiya ba da wuya ta ga na gobe.

Babbar ƙofa ita ce asusun bincike na ƙasa, NRF, wanda aka fara da naira biliyan 3, aka kuma kai kasonsa biliyan 5 a 2019 lokacin Farfesa Suleiman Bogoro yana shugabantar hukumar TETFund. Wannan gasa ce ta ƙasa baki ɗaya, babu kason makaranta, kuma bincike ɗaya yana iya samun har naira miliyan 50. Ana fara aika taƙaitaccen bayanin abin da ake son bincikawa ta intanet. Waɗanda suka tsallake a nemi su rubuto cikakken tsari, sannan a kira jagoran binciken ya kare shi baki da baki a gaban kwamitin masana. Jagoran sai ya kasance malami mai babban matsayi, amma aikin na tawaga ne, kuma ana son a ga masana daga fannoni da makarantu daban-daban, da matasan da za su koyi aiki. Saboda haka ƙaramin malamin da bai isa ya jagoranta ba yana iya zuwa wurin farfesan sashensu da ra'ayi mai kyau, ya ce, ranka ya daɗe, ga abin da nake tunani, ko za mu gwada.

An kasa NRF gida uku: kimiyya da injiniyanci da ƙere-ƙere, sai fannin al'adu da harsuna da zamantakewa, sai kuma binciken da ya ratsa fannoni. Gida na biyun nan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wata abokiyar aikina a sashen harsunan Najeriya da ta yi shekaru tana bin ƙauyuka tana naɗar waƙoƙin daka da na niƙa daga bakin tsofaffin mata. Daga albashinta take biyan kuɗin mota da goron gaisuwa. Duk abin da ta tara yana cikin waya ɗaya mai fasasshen gilashi da wasu littattafan rubutu na 'yan makaranta da ta ɗaure da roba. Wata rana ta kunna mini muryar wata tsohuwa, ana jin taɓarya tana sauka a turmi daidai da kowane baiti, ta ce matar ta rasu bara. Na tambaye ta ko ta taɓa neman IBR.

“Haba Malam,” ta ce, “ai wannan na masu ɗakin gwaje-gwaje ne. Wa zai ba ni kuɗi a kan waƙar daka?”

Dokar ba ta ce binciken kimiyya kaɗai ba, bincike ta ce. Injin niƙa ya riga ya shiga kowane ƙauye, waƙoƙin suna tafiya tare da masu su, kuma miliyan 2 ta isa a sayi na'urar naɗar murya mai kyau, a biya mai rubutawa, a adana su inda ba za su salwanta ba. Haka rubuce-rubucen ajami da ke jibge a gidajen malamai gara na ci, da tarihin baka na masarautu, da sana'o'in da ke mutuwa irin su saƙa da rini da dukanci.

Sai dai a nan akwai gaskiyar da dole a faɗa game da aikin fasaha. Sashe na 7 bai ambaci ƙirƙira da sunanta ba. Marubucin wasan kwaikwayo ko mai zane ko mai shirya fim da ke koyarwa a jami'a ba zai ce kawai a ba shi kuɗi ya yi abinsa ba. Sai ya shigo ta ƙofar bincike: wace tambaya aikin zai amsa, wace hanya za a bi, me za a gani a ƙarshe. Wasan kwaikwayon da aka shirya don a auna ko yana sauya tunanin mutanen gari game da rigakafi bincike ne da kwamiti zai gane. A ganina wannan giɓi ne a dokar, domin malamin adabi da ya rubuta diwani mai kyau ya yi aikin ilimi ko bai lulluɓe shi da rigar bincike ba. Kafin a gyara, hanyar da ke akwai ke nan.

Ta ɓangaren wallafa, akwai tallafin mayar da rubutun malami littafi, bayan masana sun duba shi, da tallafin buga mujallun ilimi. Wanda kundin digirinsa na uku ke kwance a kabad ya kamata ya tambayi wannan. Ta ɓangaren koyarwa kuma akwai kuɗin ɗakin karatu, da na duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a kwalejojin ilimi, da na ƙera na'urori a poli, da na halartar taron masana, wanda malami ba ya samu sai an karɓi maƙalar da zai gabatar.

Tallafin ƙaro karatu, na digiri na biyu da na uku, shi ne ya fi canzawa kwanan nan. Wanda aka tura yana sa hannu a yarjejeniyar cewa zai dawo ya yi wa makarantarsa aiki. Daga 1 ga Janairun 2025 hukumar ta dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje, ta ba da dalili biyu: faɗuwar darajar naira, da yawan waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Yanzu a jami'o'in gida ake karatun.

Abin da ke kayar da takardu a kwamiti ba shi da yawa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Mutum zai cika shafi uku da tarihin matsala tun daga zuwan Turawa, amma ba zai faɗi a jimla ɗaya abin da yake son ganowa ba. Kasafi kuma shi ne madubin mai nema. Na taɓa ganin wanda kusan rabin kuɗinsa ya tafi a layi ɗaya mai suna “sauran buƙatu”. Rubuta ƙauyuka nawa za ka je, sau nawa, kuɗin mota nawa, mataimaka nawa, kwana nawa. Kada ka kwafo aikin wani, ana sa takardu a manhajar gano satar rubutu. Sharuɗɗa da adadin kuɗi suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar bana ce abin dogaro, ba abin da wani ya gaya maka ya yi shekara biyar da suka wuce ba. Ranar da kuɗin ya shigo kuma, ka tanadi ambulan guda ta rasit, har na man babur.

Abokiyar aikin nan tawa ta zauna ta rubuta nata tsarin. Sau biyu muka gyara kasafin tare, ta sa na'urar naɗar murya, da ladan ɗalibai biyu da za su rubuta waƙoƙin, da ƙauyuka takwas. Ranar da ta kai takardar ofishin jami'in, ta biyo ta ofishina da kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ta ce in Allah ya sa an dace, da ƙauyen ƙanwar tsohuwar nan za ta fara, domin an ce ita ma ta iya waƙoƙin, kuma ta haura tamanin.